Shari'ar Karyar Mama Titi

Gyadi-Gyadi, Kano.

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai kyau da maƙwabta masu mutunci. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutane, Ya kare mutane daga sharrinki. Innarki tana gaishe ki, haka ƙannenki. Labarin gida za ki ji a wurinsu, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Ranar da muka raka ki tasha na so in yi miki magana, sai na ga jama'a sun yi yawa, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Kin gama karatun lauya, aiki ya kai ki Abuja inda ake tsara dokoki, a daidai shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ko'ina ka zauna a garin nan zancen ke nan, wai yanzu doka za ta yi aiki. Allah Ya sa. Ni dai na yi aiki da doka har na tsufa, kuma akwai inda na ci amanarta. Gara ki ji daga bakina tun ina da rai, ki san ramukan da ubanki ya faɗa.

Kin san duba-gari ne ni har na yi ritaya. Farkon ɗaukata aiki aka haɗa ni da wani dattijo, Malam Garba, in riƙa binsa ina koyo. Wata rana muna zagaye wajen Darmanawa, lokacin duk gonaki ne da ramukan haƙar ƙasa, muka iske wani mai jakuna yana lodin ƙasar gini. Jaki ɗaya ya durƙusa da mangala a bayansa, ya kasa tashi. Da mutumin ya janye mangalar sai na ga bayan jakin gyambo ne tun daga kafaɗa har ƙugu, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin. Ya ɗauko itace ya shiga dukansa, kuma ba ko'ina yake duka ba sai kan gyambon.

Na ja Malam Garba gefe na ce, "Baba, a makarantar koyon aiki an ce mana akwai dokar da ta hana zaluntar dabba."

Ya ce, "Akwai mana. Tana nan cikin littafi, kwance lafiya. Kai shi gaban alƙali ka ce ya daki jakinsa, ka ga wanda za a yi wa dariya, kai ko shi."

Sai na yi dariya. Sabon yaro ne ni, ina son dattijon ya ɗauke ni mai wayo. Muka wuce muka je duba kwata. Da muka dawo ta wurin da la'asar jakin yana nan kwance, an kwashe sauran an tafi, idonsa a buɗe, yana numfashi sama-sama.

Uwani, mutumin nan ya zaɓi gyambon ne don ya san nan ya fi zafi. Ke nan ba wanda bai san dabba tana jin ciwo ba, har mai dukanta. In wani ya zo miki da gardamar wai dabba ba ta ji kamar mu, kada ki ɓata yawunki, ya sani sarai. Kuma kada ki yarda a ce miki wannan magana ta Turawa ce. Tun muna zaure malaman fiƙihu suka karantar da mu cewa wanda ya mallaki dabba ya ƙi ciyar da ita, ko ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, hukuma tana da ikon tilasta masa ya gyara ko ya sayar. Ran nan na san wannan hukuncin, na san dokar littafin gwamnati, na bar su duka biyu don kada a yi mini dariya. Za ki tarar da manya a ofis waɗanda za su nuna miki dokokin da ake aiki da su da waɗanda ake tsallakewa. Ki girmama su, ki gaishe su, amma kada ki taya su dariya. Daga dariyar nan zuciyata ta fara bushewa, ban sani ba sai da na zo inda nake bukatarta.

Kin san Mama Titi, amma kina yarinya lokacin, bari in gaya miki matsayinta a wurinmu. Bayarabiya ce, Kirista, tsohuwar nas. Ta zo Kano tun tana amarya, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a nan ya rasu. 'Ya'yanta suka koma kudu suka yi ta kiranta, ta ce ita nan ta sani. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar da naƙudarki ta zo wa Innarki da gardama, ruwan sama ya cika lungu mota ba ta iya shiga, ita ta ratso ruwan ta karɓe ki. Kin fito ba kya numfashi, ta yi ta fama da ke har kika tsala kuka. Ko goro ta ƙi karɓa.

Ita kaɗai ce a gidanta sai karyarta, baƙa wuluk, tana kiranta Dudu, ta ce da yarensu baƙi ke nan. Ni ba mai son kare ba ne, har gobe, in ya taɓa mini riga sai na wanke. Amma Dudu ba ta taɓa shiga gidan kowa ba, ba ta taɓa bin yaro ba. Duk shekara ni da kaina nake rako likitan dabbobi ya yi mata allurar rigakafi, a ɗaura mata 'yar lambar ƙarfe a wuya. Ta saba da ni har in ta ji takuna sai ta taso bakin ƙofa tana kaɗa wutsiya.

A zamanin da sojoji ke sa mutane tsallen kwaɗo a titi saboda shara, mahaukacin kare ya ciji wani yaro a Unguwar Gano. Iyayen suka wanke ciwon suka sa magani, ba su kai shi asibiti ba sai da abin ya tashi. An tura ni na je na gan shi. An ɗaure shi da zani a jikin gado, yana jin ƙishirwa, in an miƙo ruwa sai ya firgita ya sandare. Ya rasu a haka. Na faɗa miki wannan don kada ki ɗauka tsoron da mutane suka ji na banza ne. Ba na banza ba ne, kuma duk dokar da ta manta da wannan yaro ita ma azzaluma ce.

Kantoman da sojoji suka naɗa ya tara mu a ofis. Ya ce ba ya son ya sake ganin kare a titi, a sa guba a nama a watsa a lunguna, kuma zai zo da kansa ya ga motar da aka kwaso gawarwakin. Likitan dabbobin nan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, gubar nan ba ta zaɓe. Za ta kashe mai ciwo da mai lafiya, kuma kisan wulaƙanci take yi. A ba mu lokaci mu yi shela, masu karnuka su ɗaure nasu a yi musu allura, na juji mu kama su, wanda ya kamu da ciwon a kashe shi nan take ba tare da azaba ba."

Kantoma bai ko dube shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Isyaku, kai ka san unguwannin nan. Me ka ce?"

Likitan ya zuba mini ido. Na san gaskiya ya faɗa. Na san kuma in mutum biyu suka faɗi abu ɗaya, ko soja yakan ɗan tsaya. Na dubi ƙasa na ce, "Yadda kuka ce, ranka ya daɗe."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa zamanin soja ne, wa ya isa. Amma ba wanda ya ɗora mini bindiga. Tambayata aka yi. Likitan da ya yi magana ba a ɗaure shi ba, ba a kore shi ba, canjin wurin aiki kawai aka yi masa, yana nan da ransa da mutuncinsa. Uwani, za ki zauna a taruka da yawa inda wani zai faɗi gaskiya shi kaɗai, ya waiwayo yana neman na biyu. Ki zama ta biyun. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki ce kin goyi bayansa, a rubuta.

Aka hana yin shela, don in an yi mutane za su ɓoye karnukansu, motar ba za ta cika ba. Ana gobe za a fita, na dawo daga aiki da yamma na tarar da Mama Titi a ƙofar gidanta tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce, "Malam, sannu da aiki. Yaya tarin 'yata? A daina ba ta ruwan randa da safe." Ke take nufi. Ta kuma ce mini Dudu ta haihu, in turo ku ku ga 'ya'yan daga nesa. Maganar ta zo mini har baki, in ce mata gobe ta shigar da ita ɗaki ta kulle. Sai na tuna an ce duk wanda ya fitar da zancen a bakin aikinsa. Na ce a raina ai tana cikin gida, me zai same ta. Na ce, "Allah Ya raya," na shige.

Akwai sirrin aiki na gaskiya, ki riƙe shi ko za a yanka ki. Akwai kuma wanda aka ƙirƙira don kada wanda za a cuta ya sami damar kare kansa. In kika ga umarnin da ba zai yiwu ba sai an ɓoye wa mutanen da zai faɗa kansu, ki tsaya ki sake dubansa.

Da sassafe muka fita, ni da leburori da bokitan nama. Muka fara daga Tarauni muka gangaro. Kafin rana ta ɗaga mun iso lungunmu. Ƙofar Mama Titi ta ƙarfe ce mai sanduna, ana hango tsakar gida. Dudu tana kwance daga ciki a kan buhu, 'ya'yanta suna shan nono, ko ido ba su buɗe ba. Shugaban leburorin, wani Ɗanlami, ya ce, "Oga, ga wata."

Na ce, "Wannan tana da mai ita."

Ya ce, "Oga, ko rabin mota ba mu yi ba, kuma ka ji abin da mutumin nan ya ce."

Ban ce masa jefa ba. Ban kuma ce kada ya jefa ba. Na tsaya kawai. Dudu ta gan ni ta taso tana kaɗa wutsiya, Ɗanlami ya zura hannu ta tsakanin sandunan ya jefa tsokar, ta sunsuna, ta ɗago ta dube ni, ta ci.

Ban taɓa tsayawa na ga yadda gubar take aiki ba sai ran nan, don a sauran wuraren watsawa muke yi mu wuce, mota ta biyo baya. Ba a jima ba ƙafafunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin komawa wurin 'ya'yanta, ta faɗi. Jikinta ya sandare, bayanta ya banƙare kamar za ta karye, haƙoranta suka datse, kumfa na fita. Sai abin ya sake ta, ta yi nishi, ta ja jiki kaɗan wajen buhun, sai ya sake kama ta. Duk ƙarar da aka yi kusa da ita sai abin ya tashi. Kuma tana cikin hayyacinta, Uwani, idonta yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Mama Titi ta fito da gudu da ɗaurin ƙirji. Ta koma ta ɗauko kwalbar manja, ta durƙusa ta rungume kan karyar tana ƙoƙarin ɗura mata, bakin ya ƙi buɗuwa, manjan ya ɓata mata zani. Ta hango ni ta ce, "Malam Isyaku, taimake ni! Wani ya ba ta guba! Kira likitan nan!" Sai idonta ya sauka kan bokitin da ke hannun Ɗanlami. Ta zauna a ƙasa da kan karyar a cinyarta har ta daina motsi. 'Yan kwikwiyon suka rarrafo suna laluben nono a jikin gawar. Da mota ta zo, sai da aka ɓamɓare su kafin a ɗauke ta.

Mama Titi ta yi ta ba su madara da cokali, tana kwantar da su a kwali kusa da gadonta. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A satin nan kyanwoyin unguwa suka ƙare, kaji suka mutu, aka riƙa tsintar ungulaye a ƙasa kusa da jujin da aka zubar da gawarwakin. Mahaukacin karen da ya jawo abin kuwa ba wanda ya san inda ya shiga.

Abin da zan gaya miki a nan gajere ne. Wanda ya tsaya yana kallo alhali kalma ɗaya tasa za ta hana, hannunsa na ciki. Na yi shekaru ina cewa Ɗanlami ne ya jefa. Ɗanlami lebura ne, ni ne ogansa.

Mama Titi ta kai ƙara kotu. Mai unguwa ya je ya ba ta haƙuri, 'yan cocinsu suka ce ta rufa wa kanta asiri, baƙuwa ce, zamanin soja ne. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce, rabin yaran lungun nan a hannunta suka faɗo. Ta je ba lauya, da takardar allurar a jakarta.

Majistaren ba mugun mutum ba ne, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Mama, nawa ne kuɗin karyar?"

Ta ce, "Ban saye ta ba, ranka ya daɗe. A kwata na tsince ta tana jaririya."

Ya ce, "To in ba ki saye ta ba, kuma ba a sayar da irinta a kasuwa, wace hasara kika yi da kotu za ta auna?"

Ta ce, "Ban zo a biya ni ba. Na zo ne a faɗa cewa abin da aka yi mata ba daidai ba ne. Ta sha wahala kafin ta mutu, a gabana, a cikin gidana. Tana da rai, tana jin zafi kamar yadda nake ji. Ba wanda zai zo ya faɗa a madadinta sai ni."

Aka fashe da dariya a bayan kotu har sai da ɗan sanda ya tsawatar. Majistaren bai yi dariya ba. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya ce akwai dokar zaluntar dabba, kuma umarnin da aka bayar na karnukan titi ne. In an tabbatar karyar tana cikin gida, da lamba a wuyanta, to akwai magana. Sai aka kira ni shaida, aka ce in faɗi gaskiya tsakanina da Allah.

Majistaren ya ce, "Malam Isyaku, a cikin gida take ko a waje?"

Lauyan hukuma yana zaune yana kallona. Na tuna ku, na tuna aikina, na tuna cewa in na ce a ciki take, tambaya ta gaba ita ce wa ke tsaye a wurin. Na ce, "Ranka ya daɗe, karnuka da yawa muka gani ran nan. Ba zan iya tantancewa ba."

"Lambar fa? Ka ga lamba a wuyanta?"

"Ban lura ba, ranka ya daɗe."

Ni da na riƙe mata kai aka ɗaura lambar. Aka kori ƙarar saboda rashin shaida. A bakin matakala Mama Titi ta tsaya ta jira ni. Na zaci zagi za ta yi, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam Isyaku, ba ta karɓar abinci a hannun baƙo. Don ta gan ka ne ta ci." Ta gyara ɗankwalinta ta tafi neman mota.

Ke lauya ce, kin fi ni sanin sunan abin da na yi. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, dokar ba ta gaza ba ran nan. Tsohuwar doka ce, an manta da ita, amma da aka buɗe littafi an same ta, kuma alƙali ya yarda ya yi aiki da ita. Shaida ta rasa. Dabba ba za ta tsaya gaban alƙali ba, kullum sai ta ari bakin mutum, kuma mutumin da ya ga abin da aka yi mata yawanci shi ne mai dalilin yin shiru. Ki lura kuma da tambayar farko da aka yi wa matar nan. Muddin doka tana kallon dabba kamar kujera ko keke, wadda ba ta da kuɗi a kasuwa ba ta da kariya, sai saniyar mai arziki. In Allah Ya sa hannunki ya kai inda ake gyaran irin wannan doka, ki yi ƙoƙari a rubuta cewa azabar kanta ita ce laifin, ko dabbar tana da mai ita ko ba ta da shi. A bar wanda ya gani ya kai ƙara ko ba tasa ba ce. In dole a kashe, don wani lokaci dole ne, a kashe da gaggawa kamar yadda aka umarce mu a wurin yanka, a wasa wuƙa, kada a wahalar. Kuma hukuma ma a iya kai ta, don mu da muke da hula da takarda mun fi kowane mai jaki ɓarna.

Mama Titi ba ta sake shiga gidanmu ba, amma in ta gan ki a lungu takan tsaya ta taɓa goshinki ta duba idonki. Kafin shekara ta zagayo ta sayar da gidan ta koma wurin 'ya'yanta. Innarki ta taya ta ɗaure kaya tana kuka, ni na fita tun safe don kada mu haɗu. Na yi ta cewa zan nemi adireshinta in rubuta mata. Ina cikin zan yi, zan yi, wani ɗan cocinsu ya tsayar da ni a bakin titi ya ce ta rasu.

Na je wurin wani malami na gaya masa komai. Ya ce, "Haƙƙin mutum ana neman yafiya tun yana da rai, ka bari ya wuce ka. Na dabba kuwa, wa za ka je ka roƙa? Ka yi ta istigfari, ka kyautata wa waɗanda suka rage." Don haka in kin cuci wani, Uwani, ki je a ranar. Kunyar yini ɗaya ce.

Bayan zaɓen nan, sabon kansilanmu ya kira taron unguwa a filin makarantar firamare, don karnuka sun sake yawa a jujin bayan mahauta, mata suna tsoron aiken yara. Wani ya nuna ni ya ce, "Ga Malam Isyaku nan, shi ya san yadda aka yi maganinsu wancan karon." Na miƙe na ba su labarin nan kamar yadda na ba ki, ban rage komai ba, har abin da na faɗa a kotu. Na ce a kwashe jujin, a nemo likitan dabbobi, a yi shela. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani matashi ya ce, "Baba, mutane ma ba su sami haƙƙinsu a ƙasar nan ba, sai kare?" Na ce masa hannun da ya saba watsa guba ba ya tambayar wa zai ci, kuma ni na ga yadda aka fara da karya aka ƙare da tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin lungunmu. Za a yi miki wannan tambayar sau da yawa, ki tanadi amsarki.

Kansila ya ce za a kafa kwamiti. Ba a kafa ba. Bayan 'yan makonni ina dawowa daga masallaci da safe na ga karnuka a zube a bakin jujin, bayansu a banƙare, kumfa ta bushe a bakinsu. Ba umarnin kowa, wani ne ya sayi gubar a kasuwa ya yi da kansa, kuma ba wanda zai tambaye shi. Na koma gida na ɗauko shebur. Na haƙa rami mai zurfi a gefen jujin, na ja su ɗaya bayan ɗaya na binne, don kada wata dabbar ta ci ta bi su. Ya ɗauke ni har rana ta take, bayana bai sake daidai ba tun ran nan. Mutane suna wucewa suna kallon dattijo da furfura yana jan mushen kare, na ji wata tana cewa tsufa ya fara taɓa Malam. Ba wanda ya karɓi shebur ɗin, ban kuma ga laifinsu ba.

Iyakar abin da ya rage a hannuna ke nan, binnewa. Ke naki hannun yanzu ya fara, kuma an ba ki alƙalami tun kafin a kai ga rami.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci, Innarki ta ce kin rame kafin ki tafi. Kada ki hau motar da direbanta ke gudu, ko za ki makara. Allah Ya tsare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya ba ki shugabanni masu jin magana, Ya ba ki ƙarfin faɗa musu in ba su ji ba. Allah Ya dawo mana da ke lafiya. In kin idar da salla ki sa ni a addu'a, don ni na san shari'ar nan ba a kore ta ba, ɗage ta aka yi, kuma inda za a sake kiranta ba a cewa ban lura ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isyaku